Kimanta Girman Ƙanƙara da Gudun Iska da Ido: Shawarar Ma'auni Ɗaya ga Masu Lura da Hadari a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Kowace shekara, musamman a faɗuwar damina da ƙarshenta, iska da ƙanƙara kan yi wa gonaki da gidaje ɓarna a kudancin Jihar Kano. Amma bayanin da ke isa ga hukumomi bayan an yi ɓarnar bai wuce "iska mai ƙarfi" da "ƙanƙara manya-manya" ba, kuma irin waɗannan kalmomi ba sa shiga lissafi. Wannan maƙala ta dubi yanayin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, ta yi bayanin yadda ƙanƙara da iskar hadari ke samuwa, sannan ta waiwayi yadda wasu ƙasashe ke amfani da idon mutanen gari wajen cike giɓin na'urori. Daga nan ta kawo shawarar ma'auni mai matakai biyar don ƙanƙara da wani mai matakai biyar don iska, waɗanda aka gina kan abubuwan da manomi da makiyayi da masunci ke gani kullum. Matsayar maƙalar ita ce: a wurin da na'ura ta yi ƙaranci, mutanen wurin za su iya samar da bayanan da kimiyya za ta dogara da su, muddin an haɗa su kan ma'auni ɗaya, kuma an koya musu su faɗi abin da suka gani maimakon abin da suka zata.

1.0 Gabatarwa

Ranar 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC ya tashi daga filin jirgin sama na Kano a kan hanyarsa ta zuwa Landan. Jim kaɗan da tashinsa ya shiga cikin hadari, iska ta juya masa farat ɗaya, ya kasa yin sama, ya daki bishiya ya faɗi. Mutum 32 daga cikin 45 da ke ciki suka rasu. Wannan ya faru ne a wurin da ya fi ko'ina kayan auna yanayi a lardin Kano na wancan zamani. Sai a shekarun 1970 ne masanin nan Tetsuya Fujita na Jami'ar Chicago ya fayyace irin wannan iska da ke dannowa daga cikin hadari, ya nuna cewa wani lokaci faɗin wurin da take bugawa bai kai kilomita 4 ba, kuma cikin 'yan mintoci take gamawa.

Idan iskar da ke iya kayar da jirgi tana da ƙanƙantar wuri da gajartar lokaci haka, to tambayar da ke gabanmu a fili take. Babbar tashar auna yanayi ta Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, a wannan jiha tana filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Tsakaninta da Riruwai akwai tafiyar da ta haura kilomita 100. Iskar da ta kwashe rufin makaranta a Burji, ko ƙanƙarar da ta yayyaga masara a Yaryasa, ba za ta bar wata alama a na'urar da ke birnin Kano ba. Wanda ya gani shi ne wanda yake wurin. Saboda haka wannan maƙala ta tsaya kan yadda za a mayar da ganinsa ya zama adadi.

2.0 Yankin da Yanayinsa

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna jere ne daga kudu maso yammacin Kano zuwa ƙarshen kudancin jihar. Ƙiru da Bebeji suna kusa da hanyar Kano zuwa Zariya, inda Kwanar Dangora take. A Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, ita ce kuma ke shayar da filayen noman rani na Kadawa da Kura. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa da kasuwarta. Daga can hanyar Jos ta ratsa Dajin Falgore ta shiga Doguwa, inda ƙasa ke ɗagawa har duwatsun Riruwai su haura mita 1,000 daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Ruwan sama a wannan kusurwa ya fi na sauran jihar yawa, damina kuma ta fi tsawo. Shi ya sa masara da shinkafa da dawa da waken suya da rake suka samu gindin zama.

Manyan hadarurrukan da ke kawo mana ruwa ba su zuwa ɗaiɗaiku. Suna haɗuwa ne su yi dogon jeri, su taso daga gabas su nufi yamma da gudun kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa, wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a tsayin kilomita 3 zuwa 4 tana kora su. Hamilton da Archbold sun yi bayanin wannan jerin hadari a Najeriya tun 1945. Tuddai irin na Jos suna cikin wuraren da aka sani irin wannan hadari na ƙulluwa, Doguwa kuwa tana gefen arewacin waɗannan tuddai. Bugu da ƙari, binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa yawan hadarurruka mafiya tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku daga 1982. Ke nan abin da muke magana a kai ƙaruwa yake yi.

Lokutan haɗarin guda biyu ne. Na farko shi ne daga bazara zuwa faɗuwar damina, wato ƙarshen Afirilu zuwa Yuni, sa'ad da ƙasa ta yi zafi, iskar sama kuma ta bushe. A nan ne ƙura ke yin gaba, iska ta bi, rufin gidaje ya tashi. Mutanen Bauchi ba su manta da irin wannan iska da ta yi musu ɓarna a Yunin 2018 ba. Na biyu shi ne Satumba zuwa farkon Oktoba. Ɓarnar wannan lokaci ta fi ciwo ga manomi, domin masara ta riga ta yi goyo, shinkafa ta fitar da kai, kuma babu sauran damar sake shuka.

3.0 Yadda Ƙanƙara da Iskar Hadari ke Samuwa

A cikin hadari mai tsawa akwai iska mai hawa da iska mai saukowa. Mai hawan ita ke ɗaukar ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ya wuce ma'aunin daskarewa. A can, musamman tsakanin digiri 10 zuwa 25 ƙasa da sifiri, ɗigon da bai riga ya daskare ba yana manne wa ƙwayar da ta daskare, tana ta girma. Ƙwayar ba ta faɗowa sai nauyinta ya fi ƙarfin iskar da ke riƙe da ita. Don haka girman ƙanƙarar da aka tsinta a ƙasa shaida ne kan ƙarfin hadarin da ya haife ta. A ƙasashe masu zafi irin namu tsayin da ruwa ke daskarewa yana kusan kilomita 5, saboda haka yawancin ƙwayoyin kan narke kafin su iso ƙasa. Wannan ne ya sa ƙanƙara ta fi sauka a kan tuddai, kamar yadda ta addabi gonakin shayi na Kericho a Kenya, kuma shi ya sa ya dace a fi zuba ido a Doguwa da kudancin Tudun Wada.

Ita kuwa iska mai saukowa, ruwan da ke faɗowa ne ke ratsa busasshiyar iska, wani ɓangarensa ya ƙafe, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta rufto ƙasa ta bazu. Sanyin nan da ake ji tare da ƙura gab da saukar ruwa, gaban wannan iska ne.

Akwai lissafi guda biyu da ya kamata kowane mai lura ya riƙe. Idan faɗin ƙwayar ƙanƙara ya ninka sau biyu, nauyinta na ninkawa sau takwas, kuma da yake ta fi saurin faɗowa, ƙarfin dukanta na ninkawa kusan sau goma sha shida. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta a jikin bango ko rufi na ninkawa sau huɗu. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin kuskure a kimantawa babban kuskure ne a lissafin ɓarna. Wanda ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan gudun iska ya kusa ninka ƙarfin turinta a kan takarda.

4.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Kimanta iska da ido ya girmi na'urorin zamani. A 1805 Francis Beaufort, hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya tsara ma'auni daga 0 zuwa 12 don jiragen ruwa. A farkon ƙarni na 20 George Simpson ya ƙara masa alamomin kan tudu, irin su motsin hayaƙi da ganye da rassa. Har yau ana aiki da shi. Don kimanta iska daga ɓarnar da ta bari kuwa, Fujita ya fito da nasa ma'aunin a 1971, aka sabunta shi a Amurka a 2007 da alamomin ɓarna iri 28, kowanne da nau'in gininsa ko bishiyarsa.

Amurka, duk da tarin na'urorin rada da take da su, ba ta daina dogara da idon mutane ba. Hukumar yanayinta na horar da 'yan sa-kai a ƙarƙashin shirin Skywarn, kuma tana kiran hadari mai tsanani idan ƙanƙara ta kai santimita 2.5 ko iska ta kai kilomita 93 a awa. Kafin 2010 iyakar ƙanƙarar tana kusan santimita 2 ne. A Turai, rumbun bayanan hadari mai tsanani na nahiyar yana karɓar rahoton ƙanƙarar da ta kai santimita 2 da bugun iskar da ya kai kilomita 90 a awa. A jihar Kolorado, bayan ambaliyar garin Fort Collins ta 1997, an kafa shirin CoCoRaHS a 1998, inda mutanen gari ke auna ruwa da ƙanƙara a gidajensu da kayan aiki masu araha.

Darasi biyu suka fito daga waɗannan ƙasashe. Na farko, bincike a Amurka ya nuna cewa mutane kan ƙara wa iska gudu idan aka ce su kimanta ta da adadi, ko da kuwa an horar da su. Na biyu, rahoton ƙanƙara kan taru a kan girman abubuwan da aka saba kwatantawa da su, kuma idan abin kwatancen ba shi da girma ɗaya, rahoton ya ɓaci. Ba za mu kwafo kwatancensu ba. Su da kuɗin ƙarfe da ƙwallon wasanninsu suke kwatantawa, mu kuwa kuɗin ƙarfe ya daɗe da barin hannun jama'a, bishiyoyinsu da gine-ginensu kuma ba irin namu ba ne.

5.0 Ma'aunin Ƙanƙara

Hukumar Yanayi ta Duniya na kiran ƙwaya ƙanƙara idan faɗinta ya kai milimita 5. Daga nan wannan ma'auni ya fara. An ba kowane mataki abin kwatance na gona ko daji don saurin ganewa, da kuma abin da masana'anta ta ƙera don tabbatarwa, domin shi girmansa ba ya sauyawa.

Mataki na 1: santimita 0.5 zuwa 1. Kamar ƙwayar wake ko ta masara. Ba ta kai tsawon mafi ƙanƙantar katin layin waya ba, wanda yake santimita 1.2. Tana huda ganyen tumatir da na kayan lambu, tana kaɗe fure.

Mataki na 2: santimita 1 zuwa 2. Kamar gurjiya ko kurna. Tana tsaga ganyen masara da na dawa, tana kaɗe ƙwayar shinkafar da ta nuna.

Mataki na 3: santimita 2 zuwa 3. Kamar ɗinya ko kanya. Tsohon babban katin layin waya tsawonsa santimita 2.5 ne daidai, murfin robar lemo kuma kusan 3. Daga nan hadari ya zama mai tsanani, ya wajaba a kai rahoto nan take. Tana karya kara, tana kashe kaji da zabbi.

Mataki na 4: santimita 3 zuwa 5. Kamar ƙwan zabo ko lemon tsami. Kwalin ashana faɗinsa kimanin 3.5 ne, tsawonsa kimanin 5. Tana lotsa kwano, tana fasa gilashi, tana jikkata mutum da dabba.

Mataki na 5: sama da santimita 5. Ta kai ko ta wuce faɗin katin cirar kuɗi na banki, wanda yake santimita 5.4 a faɗi, 8.6 a tsawo. Wannan tana iya kisa. A gundumar Gopalganj ta Bangaladash, ranar 14 ga Afirilu, 1986, ƙanƙarar da ƙwayarta ta kai kilo 1 ta kashe mutum 92.

Akwai abubuwan da bai kamata a kwatanta da su ba. Goro shi ne na farko, domin akwai ƙanana akwai manya, kowa kuma da wanda ke ransa. Haka dutse, da mangwaro, da dunƙulen hannu. Wanda ya ce "kamar dutse" ya bayyana tsoronsa ne, bai bayyana girma ba.

Ƙa'idojin aunawa huɗu ne. A jira sai ƙanƙara ta tsaya, tsawa ta yi nisa, sannan a fita. A ɗauki mafi girma da aka gani, a auna ta ta inda ta fi tsawo, sannan a faɗi girman da ya fi yawa a ƙasa, domin mafi girma na nuna ƙarfin hadari, mafi yawa kuma na nuna ɓarnar gona. A yi sauri, a kuma faɗi mintoci nawa suka wuce da saukarta, domin a zafin ƙasarmu narkewa ba ta jira. A ɗauki hoto tare da abin kwatancen a gefe, ƙwayar tana kan tabarma ko faranti maimakon tafin hannu, saboda ɗumin jiki na narkar da ita. Rular da ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta ta fi duk wani kwatance, inda aka same ta.

Don ƙanƙarar dare, ko wadda ta sauka ba kowa a gona, akwai dabara mai araha da shirin Kolorado ya yi amfani da ita. A yanko farin soson nan mai tauri da ake tallafe kayan lantarki da shi a kwali, santimita 30 a kowane gefe, a lulluɓe shi da takardar alminiyam, a kafe shi a fili nesa da bishiya da rufi. Kowace ƙwaya za ta bar lotsawa, daga nan a ƙirga yawa a kimanta girma.

6.0 Ma'aunin Iska

Ƙa'idar farko ita ce kada mai lura ya faɗi adadin gudu. Ya faɗi abin da iska ta yi, mai tattara rahoto shi zai mayar da shi mataki. Adadin da ke ƙasa na Beaufort ne, an haɗe matakansa don sauƙi. Alamomin gida da aka jingina musu shawara ce, wadda ya kamata a gwada ta a gefen na'ura na tsawon damuna biyu ko uku sannan a tabbatar da ita.

Mataki na 1: kilomita 20 zuwa 38 a awa. Ƙura da leda na tashi, ƙananan bishiyoyi na rangaji, farin kumfa na bayyana a kan ruwan Tiga. Masunci ya fara neman gaɓa.

Mataki na 2: kilomita 39 zuwa 61. Manyan rassan mangwaro da darbejiya na kaɗawa, wayar lantarki na fito, lema ba ta riƙuwa, tafiya gaba da iska na wuya. Zana da danga na kwantawa, rumfunan kasuwa na tashi.

Mataki na 3: kilomita 62 zuwa 88. Ƙananan rassa na karyewa, mai babur ba ya iya riƙe hanya, fallayen kwano ɗaiɗaiku na ɓallewa, jinka na yayewa, masara da dawa na kwanciya.

Mataki na 4: kilomita 89 zuwa 102. Bishiyoyi na tumɓukewa da saiwa, rufin ɗaki na tashi gaba ɗaya da katakonsa, turakun lantarki na faɗuwa. Wannan ya yi daidai da iyakar hadari mai tsanani a Amurka da Turai.

Mataki na 5: kilomita 103 zuwa sama. Ɓarna ta game unguwa, manyan bishiyoyi masu lafiya irin ɗorawa da tsamiya na karyewa, katangar bulo na rushewa, kwano na tafiya nesa.

A nan akwai wuraren da mai lura zai iya ruɗuwa. Adadin Beaufort matsakaicin gudu ne, wanda na'ura ke ɗauka na minti 10 a tsayin mita 10 a fili, alhali ɓarnar hadari bugun daƙiƙa 3 ne ke yin ta. Saboda haka mataki na 3 zuwa na 5 kimantawa ce ta mafi ƙarfin bugu. Sannan tashin rufi ba koyaushe yake nuna ƙarfin iska ba. Katakon da gara ta ci, ko kwanon da aka yi wa rowar ƙusa, zai tashi a iskar da ba ta taɓa na maƙwabci ba. Bishiyar da ke tsaye a ƙasar da ta sha ruwan marka ta fi saurin faɗuwa. Katangar ƙasa kuma sau da yawa jiƙewa ke kayar da ita. Don haka kada a yanke mataki da alama ɗaya. A nemi alamomi uku, a kuma faɗi abin da ya tsaya bai faɗi ba, domin wanda ya tsira shi ke nuna iyakar ƙarfin iskar.

Inda abubuwa suka faɗi ma bayani ne. Idan bishiyoyi da kara duk sun kwanta gefe guda, galibi yamma, iskar gaban hadari ce. Idan sun bazu daga wuri ɗaya zuwa ɓangarori, iska ce ta rufto daga sama. Idan sun kwanta a harɗe cikin siririyar hanya mai tsawo, akwai alamar guguwa mai juyawa, kuma wannan ya cancanci masana su je su gani da idonsu.

7.0 Rahoto, Tattarawa da Tsaron Rai

Rahoto mai amfani ya ƙunshi abu shida: sunan gari da unguwa da mazaɓa, lokacin farawa da na tsayawa, daga ina hadarin ya taso, matakin ƙanƙara, mafi girma da mafi yawa, abin da iska ta yi da abin da ta bari, sai hoto in da hali. Ana iya aika shi da saƙon murya ta WhatsApp cikin minti ɗaya, don haka rashin karatun boko ba ya hana kowa shiga. Ranar da hadari ya wuce ba ɓarna, ita ma a faɗa, domin in ba a san inda abu bai faru ba, ba za a iya zana iyakar inda ya faru ba.

Masu luran suna nan a ƙasa: malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KNARDA, malaman makarantun firamare da na allo, ma'aikatan asibitocin karkara, masuntan Tiga, ardo-ardon Fulani a gefen Falgore, da direbobin hanyar Jos. Mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa sun isa a fara. Masu unguwanni da dagatai su tabbatar da rahoto, tebur ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ya tattara ya miƙa wa NiMet da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Da yake hadari daga gabas yake tasowa, rahoton da ya fito daga gabashin Tudun Wada zai iya ba mutanen Ƙiru kusan awa guda su shiga da dabbobi, su kwashe shanya, idan gidan rediyo ya yaɗa shi a kan lokaci. Tauraron ɗan'adam na Meteosat na ɗaukar hoton gajimare kowane minti 10 zuwa 15, amma saman hadari yake gani. Rahoton ƙasa shi ke gaya wa mai hasashe abin da wannan hoto ke nufi a gona.

Babu rahoton da ya kai ran mutum. Mai lura ya duba daga cikin ɗaki, kada ya fake a gindin bishiya, kada ya taɓa wayar lantarki da ta faɗi. Idan an ga walƙiya, a ƙirga daƙiƙa har a ji tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Idan ba ta kai 30 ba, aradu na iya isowa, kuma kada a fita sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Wanda ƙanƙara ta ritsa da shi a fili ya kare kansa da duk abin da ke hannunsa, ko da kwando ne ko buhu.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, NiMet tare da gwamnatin jiha su kafa ƙaramar tashar auna yanayi mai sarrafa kanta aƙalla guda a kowace ƙaramar hukuma, a fara da Riruwai da Tiga, don a samu abin gwada alamomin gida.

Na biyu, sassan nazarin labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil su ɗauki nauyin tantance ma'aunin da adana bayanan, su sa ɗalibansu su yi bincike a kai.

Na uku, a buga matakan a kati ɗaya da boko da ajami, da zanen rula a gefensa, a raba kafin watan Afirilu, a kuma yi horon yini guda a kowace ƙaramar hukuma.

Na huɗu, hukumomin agaji da kamfanin inshorar noma na ƙasa, NAIC, su amince da wannan rahoto a matsayin hujjar farko wajen tantance ɓarna. A lokaci guda a raba aikin lura da aikin rabon tallafi, domin in mai ba da rahoto ya san girman ƙanƙara ne zai ƙayyade rabonsa, ma'aunin ya lalace.

Na biyar, a riƙa mayar wa jama'a sakamako a ƙarshen kowace damina, ta rediyo da zauren dagaci. Mutum ba ya ɗorewa kan aikin da bai ga inda ya tafi ba.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙanƙara da iskar hadari suna bugun ƙaramin wuri cikin gajeren lokaci, don haka tasha ɗaya a birni ba za ta wakilci kudancin jihar ba. Ta kawo matakai biyar-biyar da aka gina kan abubuwan da mutanen yankin suka sani, ta kuma nuna wuraren da ido ke yin kuskure da yadda za a rage shi. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗin gaggawa zai isa ga kowane mutum a duniya. Gargaɗi kuwa ba ya inganta sai da bayanin abin da ya faru a ƙasa, kuma bayanan damuna goma ne za su nuna mana mazaɓun da ƙanƙara ta fi bi, da irin rufin da ya kamata a yi wa makarantu, da lokacin shukar da ya fi tsira. Kayan da ake buƙata kati ne da rula da wayar hannu. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, da hakimansu, da jami'o'inmu, da su zauna da NiMet su fara wannan aiki kafin damina mai zuwa.